Jakar da Baban Chidi Ya Ce Kada a Taɓa

Sai da Maman Chidi ta jona injin surfaninta da kwamfutar, ta jira ƙarar da yakan yi idan sun gane juna, ta ji shiru, sannan ta san akwai matsala. Ta duba fuskar kwamfutar. Komai fes, an ma sa mata hoton fure. Amma 'yar jakar nan ruwan ɗorawa da ke can kusurwar dama tun mijinta na da rai, babu ita.

Chinenye sunanta. A Tudun Wada aka haife ta, a nan ta yi firamare, Hausarta kuwa sai an gaya maka ba Bazazzagiya ba ce. Mijinta Nwabueze ne ya sayo injin a Kano, na hannu, shekarun baya, lokacin surfanin kwamfuta bai yi yawa a Zariya ba. Shi ke zana fure a kwamfuta, ita ke ɗaura yadi a ƙawanya. Da ciwon suga ya fara cin idonsa sai ya zaunar da ita ya koya mata zanen. Bayan rasuwarsa danginsa sun so ta tattara ta koma gida, garin da ba ta taɓa wuce mako biyu a cikinsa ba. Ta ce tana da sana'a. Bajon makarantu take yi, daga unguwar Kongo har Dutsen Abba, da wuyan riguna idan salla ta matso.

Faifan da injin ya zo da shi ya daɗe da karcewa. Kafin ya lalace Nwabueze ya kwafe abin da ke ciki, wato fayil ɗin da ake girka manhajar injin da shi, ya ajiye a wannan jaka. Yakan ce mata manhajar tuwo ce, wannan kuwa iri ne, kome za a yi kada a taɓa shi.

Da kwamfutar ta fara nauyi tana tsayawa a tsakiyar aiki, sai ta kai wa Mahmudu, maƙwabcin shagonta mai tura finafinai da waƙoƙi a waya. Magani ɗaya Mahmudu ya sani ga kowace cuta ta kwamfuta, shi ne a wanke ta tas a sake zuba mata komai. Ta ja masa kunne a kan zane-zanenta, ya kuwa kwashe su a filashi bai bar ko ɗaya ba. Jakar ce ba ta ambata ba, don a ganinta abin da aka ce kada a taɓa ba ya bukatar faɗa.

Mahmudu ya rantse zai samo wata manhajar a intanet kafin azahar. Waɗanda ya samo duk na sababbin injuna ne. Shagon Kano inda aka sayo injin kuwa, da aka buga waya, an ce yanzu taliya ake sayarwa a wurin.

A Keke Napep suka ɗauki kwamfutar zuwa Kongo, wurin Malam Isiyaku, wanda ɗalibai ke kai wa kuka idan aikin kammala karatunsu ya ɓace. Ya saurare ta bai katse ta ba. Ya ce abin da aka goge ba ya fita nan take, yana nan kwance a rumbun kwamfutar har sai an zuba wani abu a kansa, saboda haka akwai fata. Sannan ya tambaya ko an sa wani abu bayan wankin.

Mahmudu ya gyara tsayuwa. Ya ce ai shi ba ya sallamar mutum hannu banza, balle maƙwabciya. Mai tumatir ma yakan ƙara maka biyu a kai. Finafinan Indiya ya zuba mata masu fassara, da na Najeriya, da waƙoƙin coci na Ibo da ya sha wahala kafin ya samo.

"Kamar nawa?" in ji Malam Isiyaku.

"Sai da kwamfutar ta ce ta ƙoshi, Malam."

Malam Isiyaku ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Allah ya saka maka da alheri, Mahmudu. Ka yi kyautar da ban taɓa ganin irinta ba."

Ya jona rumbun da tasa na'urar. Sunayen fayiloli suka riƙa fitowa, wasu da rai, wasu sunan kawai ya rage. Hoton bikin Chidi ya fito rabi, daga wuya zuwa ƙasa toka-toka. Can wajen la'asar sunan da ake nema ya bayyana, girmansa ma daidai da yadda ya kamata. Mahmudu ya fara hamdala, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ce hoto ko rabi ne a gane mai shi, amma irin wannan fayil idan fim ya ci ko ƙwaya ɗaya a cikinsa ba zai girku ba. Sai ya gama tsamo shi, ya gwada a wata tsohuwar kwamfuta irin tata da zai aro wurin wani abokinsa a Samaru.

Ta koma shago. Shugabar wata makaranta ta aiko a tambayi bajon sabon zango, ta ce a ƙara mata haƙuri. Ƙanin mijinta ma ya kira daga gida, labari ya riga ya kai musu, ya ce ɗakin nan fa har yanzu babu kowa a ciki. Ta ce ta ji.

Mahmudu ya daina kunna waƙa a shagonsa. Da safe yakan leƙo ya gaishe ta, ya koma. Ita kuwa takan share injin, ta ɗiga masa mai, ta jera zare launi-launi kamar kullum, ta ajiye wayarta a kan teburinsa inda za ta ji.

Malam Isiyaku ya ce zai kira ranar Alhamis. Yau Asabar, bai kira ba tukuna.