Hula Biyar a Kai Ɗaya

Haɗama ce laifin da zan yi magana a kai, irin haɗamar da mutum zai cika baki, ya cika hannu biyu, sannan ya take rabon maƙwabcinsa da ƙafa don kada ya ɗauka. Amma ba don mai haɗama na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don matar da ta kama shi, wadda za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan a ofishin ƙungiyar 'yan kasuwarmu. Ni mai yankan makulli ne, karatuna bai yi nisa ba, kuma duk wanda ya san ni ya san yabo ba ya fita bakina da arha. Wannan karon zuciyata ce ta ƙi zama wuri ɗaya.

Mai Rariya muke ce mata, saboda duk abin da ya bi ta hannunta sai ya fito ba tsakuwa. Kafin masu shara su gama, ta iso. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakala, da fanka mai juyawa gefe guda kawai. Ta yaye tsohon zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta goge tabarau, ta zuba shayi a murfin fulas, sai ta ce, "Na gaba." Duk mai rumfa a kasuwar nan ya taɓa zama a kujerarta mai gajeriyar ƙafa. Ta rubuta sunanka da na mahaifinka, da sana'arka, da lambar wayarka, ta ɗauke ka hoto. Gurbin ƙarshe kuwa shi ne na wanda za a kira in an yi gobara ko ciwo ya kayar da kai, kuma ba ta yarda a bar shi fayau. Ranar da tsohon tela ya yanke jiki ya faɗi a kan kekensa, muna can muna ta salati da fifita, ita ce ta nemo babban ɗansa kafin mota ta iso. Shaidu suna nan da ransu.

To, aka gama sabon gini, aka ce mu koma. Rumfunan ba su kai yawan sunayen ba. Kwamiti ya yanke doka: mutum ɗaya, rumfa ɗaya, kuma duk wanda aka kama da maguɗi har tasa ta gaskiya zai rasa. Sai dai cikin shekarun nan mutane da yawa sun shiga rajista sau biyu, sau uku, ba da wata mugunta ba. Wani katinsa ya ɓata, wani ya sake waya, wata ta bar sayar da sabulu ta koma takalma. Aka ce Mai Rariya ta sa na'ura ta fito da kowa sau ɗaya.

A zaman nan ne Mai Katifa ya yi gyaran murya. Ɗan kwamiti ne, mai babbar rumfa a bakin ƙofa. Ya ce, "Sunaye kawai za a fitar, da manyan baƙaƙe, a manna. Me ya kawo lambar matan mutane jikin bango?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an manna lambar kowa ba. Amma ku bari in tace da duk bayanan tukuna. Suna kaɗai ba ya raba mutane."

"Hajiya, ke dai danna abin da aka ce. Mu ma muna da ciniki."

Kwamiti ya bi bayansa, don maganarsa ta yi kama da ta mai kishin mutunci. Ta buga musu sunayen, amma ba ta goge ko layi ɗaya a cikin na'urar ba.

Washegari 'yar ƙanena marigayi, wadda ke sayar da zare da maɓalli tana ciyar da marayunta, ta ga sunanta a bango da lambar rumfa. Ta tafi da murna, sai ta tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar. Kwaɗon ma ni na sayar da shi. Mai kifi ce ta sa, mace mai murya kamar lasifika. Ashe sunansu ɗaya, sunan mahaifansu ma ɗaya, na'ura ta dunƙule su ta mai da su mutum guda.

Mai kifi ta riƙe ƙugu ta ce, "Yarinya, tun ba ki daina shan yatsa ba nake amsa sunan nan. In haya kike so ki yi magana."

"Yaya, ai ni ma ba aro na yi ba, da shi aka yanka mini rago."

"To ki je ragon ya ba ki rumfa."

Aka kwashe da dariya, yarinyar nan ta zo gabana idonta jawur. In rumfar nan ta kuɓuce, ba ta da inda za ta baje ko tire. Na rufe akwatin aikina, na nufi ƙarƙashin matakala da faɗa a bakina.

Mai Rariya ta ce, "Baba, zauna, ka bar tsayuwa a kaina kamar mai karɓar haraji." Ta juyo mini da allon. "In na ce wa na'ura ta ba ni kowane suna sau ɗaya, suna kaɗai za ta ba ni tsirara, ta zubar da sauran bayanan, masu suna ɗaya kuma ta haɗe su. In na ce ta kawo duk guraben, to layin da ya bambanta ko da harafi ɗaya sabon mutum ne a wurinta, maimaicin nan ya dawo mini kaf."

Na ce, "To ina mafita, 'yata?"

"Sai na fara gaya mata abin da ke sa mutum ya zama shi. Ta tara layukan da suka yi tarayya a kansa rukuni-rukuni, sannan daga kowane rukuni ta ɗauko mini layi guda, na baya-bayan nan, da kayansa cif."

Nan take na gane, har na buga cinya. Ai aikina ne! Makulli ba a gane shi da launin kai ko zoben da aka rataya masa. Haƙori ake dubawa. Biyu masu kai iri ɗaya sai ka ga kowanne da ƙofarsa, biyar masu kai daban-daban kuma kwaɗo ɗaya suke buɗewa.

Ta haɗa suna da sana'a da waya da hoto, sai ga mai zare da mai kifi sun rabu, kowacce a layinta. Da a nan ta tsaya ma da na gode. Amma rumfa ta ƙare, babu inda za a sa ta biyun. Sai ta shiga bin guraben ɗaya bayan ɗaya, tana tara masu tarayya. Da ta iso gurbin wanda za a kira in an yi gobara, ta gyara tabarau. Lamba ɗaya a ƙarƙashin sunaye biyar.

Ta ce, "Kada mu ɗauki alhaki, Baba. Wataƙila uwa ce mai 'ya'ya biyar." Shi ya sa ta fito da layukan da duk abin da ke cikinsu, har hotuna.

Mai Rariya, ke ce kika ƙi yanke hukunci da rabin magana. Ke ce kika riƙe abin a bakinki, ba ki fesa wa kowa ba, sai da kwamiti ya zauna.

Jama'a, da kun ga zaman nan! Ta kunna allo. Ga mai katifa, ga mai fenti, ga mai labule, ga mai ledar ɗaki, ga mai fitilu. Suna daban, waya daban. Wannan da farar hula, wancan da ja, ɗaya da tabarau, ɗaya ya aske gemu. Amma hancin nan guda ne, kuma mai hancin yana zaune a kujera ta biyu daga shugaba. Ashe ranakun da take hutu yake lallaɓowa wurin masu riƙon ƙwarya da sabuwar hula.

Mai Katifa ya ce, "'Yan'uwana ne. Jininmu haka yake, kama gare mu."

Shugaba ya ce, "Madalla da jini. Hajiya, kira mana lambar nan a gaishe da dangi."

Ta kira, ta buɗe murya kowa na ji. Mace ta ɗauka. Mai Rariya ta yi sallama ta ce, "Daga ofishin kasuwa ne, kan maganar rumfa." Ba ta ƙarasa ba matar ta ɗauki salati.

"Wacce ce ta kama da wuta? Ta katifar ko ta fentin? Sai da na ce wa Alhaji rumfa biyar ta fi ƙarfin ido ɗaya."

Nan take mai kifi, wadda ke leƙe ta taga, ta saki wata dariya da aka ji har layin masu takalma. Mutumin nan ya sake suna, ya sake waya, ya sake fuska. Gurbi ɗaya ne ya kasa yi wa ƙarya, don katifa da fenti abincin wuta ne, kuma yana son in ta tashi a same shi da gaske.

Yau 'yar ƙanena tana da rumfarta, bango ɗaya da ta mai kifi. Takwara suke kiran juna, kuma ni na yanka musu makullai, ban karɓi komai ba.

'Yata, Mai Rariya, mun gode. Allah Ya sa ki huta lafiya, Ya ba idanun nan naki sauƙi bayan shekarun da suka yi suna kallon allo dominmu. Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, ku ji da kyau. In an ce ku tace mutane, kada ku yanke su ku bar suna tsirara don wani babba yana gaggawa. Ku fito da mutum da duk abin da ya zo da shi, ku duba da idonku.

Mai Katifa kuwa ga abin da ya tashi da shi. Ta fenti ta tafi, ta labule ta tafi, ta leda ta tafi, ta fitilu ta tafi. Tasa ta gaskiya ta bakin ƙofa, dokar da ya ɗaga hannu aka kafa ta cinye ta. Kujerar kwamiti ma an janye. Abin da ya rage masa hula biyar ne, da kai ɗaya.