Rabin Busar Garba

A Sharabi, a shekarun farko na mulkin kai, kakata Hajo takan hura wutar kara da zarar an idar da sallar magariba, mu jikoki mu kewaye ta. Yawanci labarin kura muke roƙo. Amma akwai labari guda wanda idan ta ɗauko shi takan ajiye mazarinta, muryarta ta yi kauri.

Labarin yayanta ne, Garba. Ya tafi fatauci Dahomey yana saurayi, ya komo da wani ɗan abin busa na ƙarfe mai jerin ramuka, wanda bai fi tafin hannu ba. Ya tara mai kalangu da mai goge da 'yan amshi biyu, ya zama shugabansu. Daga Geza har Lafagu, bikin da babu Garba ba a lissafa shi cikin bukukuwa.

Da bikin samun 'yanci ya matso, ya tsara sabuwar busa, suka yi wata uku suna gyaranta. Ranar bikin suka taka har Bagudo. Wani malamin kwamitin bikin ya tare su a bakin fili.

"Ya ce mai, 'Malam, wanga abu na Faransa ne, yau ko ranar Najeriya ce,'" in ji Kaka. "Garba ya ce, 'To, ƙahon da 'yan makaranta ka busawa, a Geza anka ƙera shi?' Sai anka kira ɗan doka, anka kore su. Ku ji mani, jikokina: ƙarfen na waje ne, numfashin fa na wa?"

Garba bai sake busawa ba har ya rasu. Busar ta rage a bakin Kaka kaɗai, tana rera mana ita da hanci.

Ni kuwa na shiga makarantar mishan, na koyi rubuta kiɗa a kan layuka biyar. Da na zo hutu Kaka ta ce, "Malam ƙarami, rubuta mani busar yayana." Na amsa mata cewa irin wannan ba ta bin ƙa'ida, ba ta rubutuwa.

Har yau ban huce da malamin kwamitin nan ba. Sai dai shi bai san abin da ya kora ba. Ni na sani. Yanzu rabin busar kawai nake tunawa. Jikata ta ce in ƙarasa da ka, wa zai gane? Na ƙi. Na rubuta abin da na tabbata na Garba ne, sauran layukan na bar su babu komai, haka kuma za su zauna.