Jabanar Kawu

Kawuna ya ƙare ƙarfinsa a yankan riɗi a gonakin Simsim, bai haihu ba. Da ƙafafu suka ƙi, mu dangi muka yi ta miƙa wa juna shi har muka gaji, muka kai shi gidan tsofaffi a Gadarif. Gidan ba laifi: gado, fanka, tuwo a kan lokaci. Abu ɗaya suka karɓe a bakin ƙofa, murhun gawayin da yake dafa jabana, wato gahawarsa, wai kada ya ƙona musu gini.

To, Kawu mutum ne da ko ɓatan hanya ka yi ka faɗo bukkarsa, sai ya soya bunna, ƙwayar gahawa, ya daka, ya zuba maka gahawa da hannunsa. Ba a jima ba ya fara korar masu zuwa gaishe shi. Kowa ya je, sai a ce yana barci.

Mudir, shugaban gidan, kuwa murna ta kama shi. Ya tare ni yana gyara rawani, ya ce, "Kin ga aikinmu, hajiya? Ya ji daɗin wurin har ba ya bukatar dangi."

Na wuce shi na banka ɗakin. Kawu idonsa biyu, ya juya wa ƙofa baya.

Na ce, "Kawu, laifin me muka yi?"

Ya ce, "'Yar nan, in kin zauna me zan ba ki?"

Raina ya ɓaci, wallahi. Na koma na sauke wa mudir abin da ke bakina. Bawan Allah ya saurara, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, yau za a magance shi. Ya ma yaba wa kansa tun kafin a yi.

Can sai ga ma'aikaciya da tire. Gahawar kicin ce, an dafa ta tun safe. Ta zuba kofi biyu, ta ba ni ɗaya, ta miƙa wa Kawu ɗaya, ta ce, "Tafaddal, ya hajj," wato bismilla, alhaji.

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya yadda ake yi a gidan mutane. Da ta fita ya ajiye kofin bai kurɓa ba.

Ya ce, "Ashe ni ma baƙo ne. In za ki fita, tambayar mini yaushe suke sallamar baƙi."