Gurbin Takalmin Baba

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana gyaran takalma a wata rumfa daura da tashar mota. Mutum ne mai surutu, ko ƙusa a bakinsa ba ta hana shi tsokanar masu wucewa. Yakan ce shi bai cika riƙe fuska ba, amma nuna masa dunduniyar takalmi ya gaya maka mai shi.

Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, sai ta tafi da hannunsa na dama da maganarsa. Hankalinsa na nan daram, yana jin duk abin da ake faɗa, kalmar ce take maƙalewa. "To" kaɗai ta rage masa. Ni na zama bakinsa, ni kuma na yanke cewa ya riƙa salla a ɗaki, don kada a gaishe shi ya kasa amsawa a yi ta kallonsa. A ganina gata nake yi masa.

Bayan shekara biyu wata malamar jami'a ta zo gidanmu. Bincike take yi kan ibada da kwanciyar ran masu irin lalurarsa, kuma tana so su da kansu su taya ta tsara tambayoyin. Ko zama ba ta gama yi ba na ce, "Ai Baba alhamdulillahi, ya rungumi ƙaddara."

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce, "daga wajensa na zo ji."

Raina ya sosu. Ta baza katuna masu hotuna a kan tebur, iyali, carbi, itatuwa, littafi, ta ce ya nuna wanda ke sanyaya masa zuciya. Baba ya duba ya ture su gefe. Ya jawo farin kati, ya kama biro da hagu, ya yi kusan minti ashirin yana fama. Takalma ya zana a jere, manya da ƙanana, ya bar gurbi a tsakiya.

"Kewar sana'arsa yake yi," na ce.

Baba ya daki tebur. Malamar ko kallona ba ta yi ba.

"Baba, rumfarku ce?" Ya girgiza kai. "Ƙofar gida?" Ya sake girgizawa. Ta daɗe tana duban katin. "Ƙofar masallaci?"

"To," in ji Baba. Ya ɗora yatsa a kan gurbin, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Malamar ta nemi izininsa ta sa katin cikin katunan bincikenta, ya gyaɗa kai.

Washegari da azahar na riƙe shi muka taka a hankali zuwa masallaci. A bakin ƙofa ya zare takalmansa, na sunkuya zan ɗauka in ajiye masa a gefe, sai ya tare hannuna. Da sandarsa ya tura su, ɗaya bayan ɗaya, har suka shiga tsakanin na mutane.