Rukubun Bakin Teku

A aji shida na rabu da makaranta, can Maradi. Shi ya sa ranar da na shiga cikin masu aikin sa kai da ke ƙirga tsirrai a tudun yashin bakin teku a nan ƙasar Turawa, ban yarda zan iya ba. Hawan jini ne ya kai ni. Likita ya ce in riƙa tafiya, ni kuwa ban iya yawon banza ba.

Ga yadda aikin yake: ka ajiye bututun roba da aka haɗa mai kusurwa huɗu a kan yashi, ka rubuta duk abin da ya tsiro a ciki. Wasu sau ɗaya suke dubawa. Ni sai na duba sau uku, in tafi, zuciyata ta dawo da ni.

Wata Asabar na ga wani ɗan tsiro a kwance, mai jan kara, a wajen igiyar da aka kewaye tudun da ita, daidai inda motar share yashi take bi ran Litinin. Yana cikin hotunan da aka ba mu na tsirran da suka kusa ƙarewa, waɗanda aka hana taɓawa. Na rubuta shi.

Shugabarmu, wata Baturiya mai digiri, ta leƙa daga tsaye. Ta ce fasa-ƙaba ce, ko a bakin titi akwai ta, in goge.

Na sake duban tsiron. To, in ni ce na yi kuskure fa? Kafin in ankara hannuna ya yi abin da uwata ta koya masa a gona: na tsinke ganye ɗaya, na murza, na sa a harshe.

Shugabar ta daka tsawa: "Kin san laifi ne wannan?"

Na ce, "Madam, in fasa-ƙaba ce, ina laifin? Fasa-ƙaba tsami gare ta, ga yauƙi. Wannan ɗan'uwan rukubu ne, tun ina ƙarama nake cin danginsa. Ba zan goge ba."

Ta miƙo hannu in ba ta takardar. Na riƙe abata. Muka tsaya haka, iska na watsa mana yashi, har ta durƙusa ta ciro gilashin ƙara girma. Ta daɗe a ƙasa. Da ta miƙe, sai ta tafi ɗauko turaku da guduma don a kewaye tsiron.

Ni na ɗaura igiyar, ƙulli uku.

Ganyen nan ya dame ni. A ƙasan takardar na rubuta da hannuna cewa na cire ɗaya, na ci. In za su kore ni, su kora. Motar dai ran Litinin kewayewa ta yi.