Rumbun da Gara Ta Ƙi Ci

Ana idar da sallar asuba muka bar Zinder, ni da direba da wata abokiyar aikina mai awon ƙasa. Wani ƙauye muka nufa a Garagumsa, inda tsofaffin gangunan maganin fara suka yoye a wani fili. Biro ɗinmu, wato ofishinmu, ya raba kwangilar tsabtace filin biyu don sauƙi, wani ya haƙe gurɓatacciyar ƙasar ya tara, wani ya zo da kamiyo, babbar motar kaya, ya kai ta ramin binnewa. Nawa aikin in gani in sa hannu.

A Takeita muka sha shayi da burodi, mai shayin ya ce sukari ya yi tsada, kuma shayin ya gaskata shi. Daga nan muka sauka daga kwalta, direba yana zagin yashi.

Mun tarar da filin tas, babu ko tsibi ɗaya. Har na zaro alkalami ina yabon mai kamiyo, sai abokiyar aikina ta ce babu sawun taya, sai na amalanken shanu. Ashe tun da aka haƙe, mai kamiyo bai leƙo ba. Mutane suka ga jar ƙasa mai kyau a banza, da allon gargaɗi cikin Faransanci, suka kwashe.

Mai gari ya kai mu gidan wani dattijo da ya gina sabon rumbu da ita, saura kwana huɗu ya zuba geronsa na shekara.

"Wannan ƙasa taku akwai albarka," in ji shi. "Ko gara ba ta kusantarsa. In da saura ku ƙaro mini."

Abokiyar aikina ta durƙusa ta ce, "Baba, abin da ya kori gara, shi zai shiga tuwon jikokinka."

Ya juya ya kalli rumbun. Sannan ya ce, "Wato gara ta fi ni hankali." Ya aika a kawo masa diga.

Na buga wa mai kamiyo waya, ya ce takardarsa ta ce ya kwashe daga fili, ba ta ce daga gidaje ba. Kwana biyu muna bin ƙauyen da amalanke muna mai da ƙasa inda take.

Na dawo gida ban sa hannu ba. Na koyi cewa mai haƙa shi ya kamata ya kwashe, kuma gargaɗi a bakin mai gari ake sa shi. Dattijon ya ƙi yarda kowa ya taɓa rumbun, da hannunsa ya rushe shi, gero yana jiransa a gona.