Feshin da Alwala Ta Wanke

Ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu, ba zan manta da makon bikin 'yar yayana ba, da baƙar wahalar da wani shagon kayan kwalliya na unguwar Akwa ya ba ni. An daɗe da yin abin, amaryar ma yanzu goyo take yi na biyu, amma har yau in na ji wani ya ce mini "pasiyans, madam", sai in ji kaina ya ɗau zafi.

Ni dai mace ce ta cikin gida. A unguwar New Bell aka haife ni, a nan aka kai ni ɗakin miji, kuma in ba dubiya ko gaisuwar rasuwa ba, da wuya a ga ƙafata a bakin titi. Sana'ata gyaran amare: dilka, halawa, turaren jiki da ƙunshi. A tsakar gida nake yi, ƙarƙashin rumfar kwano, yadda na tashi na ga kakata tana yi. Ban yi nisa a boko ba, Faransancin nawa na cinikin kifi ne, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

'Yar yayan nawa a gabana ta girma, kuma a ofis take aiki a unguwar Bonanjo. Wankan tarwaɗa ce mai kyau, sai ƙawayen wurin aiki suka koya mata man ƙara haske. Da ta ga illarsa ta daina, amma ya riga ya yi mata ɓarna: fuska da hannuwa sun yi fari, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi, sauran jiki yana nan da launinsa na asali. Ana saura kaɗan biki ta zo ta zauna a bakin tabarmata tana murza yatsu.

Ta ce, "Goggo, dilka ba za ta daidaita wannan kafin dangin ango su zo sa lalle ba. Amma dubi abin da na gani." Ta miƙo mini waya. Wai wani ruwa ne ake fesa wa mutum da ɗan inji, jiki ya koma launi ɗaya daga goshi har dunduniya. Bronzaj suke ce masa. Turawa ne ke yi don su yi duhu.

Na ce, "Ikon Allah! Mu muna shafa mai mu zama su, su suna fesa ruwa su zama mu."

Ta yi dariya, amma idonta da ƙwalla. Na san abin da take tsoro. A al'adarmu ranar sa lalle manyan matan gidan ango ne ke zuwa su kama hannun amarya su shafa mata da kansu, kuma idon tsofaffin nan ba ya ƙyale komai. In suka ga fata kala biyu, kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa an ɓoye musu cuta. Irin maganar nan kuwa ba ta mutuwa, har jikokinta sai sun ji. Saboda haka na sa hijabi muka tafi Akwa.

Kai, ranar sayen kaya an karrama ni! Shago ne mai sanyi kamar cikin firji. Wata yarinya mai dogayen farata da gashin ido kamar tsintsiya ta jawo mini kujera, ta kawo ruwan sanyi, "Mama" nan, "Mama" can. Ta fito da injin, ɗan ƙarami kamar butar shayi, da kwalbar ruwan. Ni kuwa tambaya ɗaya na zo da ita daga gida, na sa 'yar yayana ta fassara mata kalma bayan kalma. Na ce, "Faɗa mata mu masu salla ne. Abin nan yana hana ruwa taɓa fata kamar jan farce? Sannan in ruwa ya taɓa shi, yana ɓaci?"

Yarinyar ta kaɗa faratan nan ta ce, "Pa de problem, Mama! Kamar lallenku yake. Ta yi wanka, ta shiga teku ma in tana so." Ta ba mu lambar waya, ta dafa ƙirji ta ce mu kira kowane lokaci, mun zama 'yan uwa. Har bakin ƙofa ta rako mu.

Washegari bayan azahar na rufe ƙofar ɗaki na fesa wa amarya. Gaskiya a faɗe ta, da farko abin ya yi kyau. Ta tsaya gaban madubi tana juyi, jiki sumul launi ɗaya, kamar yadda uwarta ta haife ta. Ta rungume ni har tana shafa mini a zane. Can aka kira la'asar, ta ɗauki buta ta tsuguna a bakin kwata ta yi alwala. Na ga ruwa ja-ja yana gangarowa daga hannunta, na ce a raina ai haka lalle ma yake zubar da na sama. Ta yi ta magariba, ta yi ta isha, muka kwanta da farin cikinmu.

Da gari ya waye sai na ji salati daga ɗakinta. Na sheƙa da gudu. Wayyo ni! Duk inda ruwa bai taɓa ba ya nuna ya yi duhu sosai, har da wani ja-ja kamar gasasshiyar masara. Duk inda alwala ta bi kuwa ya wanke tas. Fuska fara daga goshi zuwa haɓa. Hannuwa farare har saman gwiwar hannu, da layi a miƙe kamar da tsinke aka ja. Ƙafafu farare zuwa idon sawu. A wuya ga zane-zane inda ruwa ya ɗiga. Abin da muka je gyarawa shi ya ninka kansa.

Ta ce, "Goggo, na shiga uku." Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Muka kira lambar 'yan uwan namu na Akwa. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Muka tura hoto, alama ta nuna an gani, shiru. Sai da rana ta take aka turo mana hoton zuciya ja da kalma ɗaya: pasiyans. Haƙuri ke nan. Na ce wa amarya ta zauna a ɗaki kada kowa ya gan ta, ni zan je.

Damina ce, kun kuma san New Bell da ruwa. Na tattare zane na tsallaka kwatoci, na hau benskin, wato acaba, mai babur ɗin yana shiga ramuka kamar da gayya. Na isa shagon jiƙe sharkaf. Yarinyar nan mai dogayen farata dai ce, amma kujera ta ɓace, ruwan sanyi ya ɓace, "Mama" ma ta koma "Madam". Ta kafa waya a kan tebur tana ɗaukar kanta hoto, tana turo baki. Na tsaya har ƙafata ta yi tsami kafin ta ɗago.

Na haɗa Faransancina da Pijin da nuni da hannu, na nuna mata hoton. Ta kalla, ta danne dariya, ina gani. Ta ce akwai wani ruwa na gogewa, shafawa ɗaya yake cire komai. Na ce alhamdulillahi, ba ni. Ta ce ai ba ya nan, yana ma'ajiyarsu a Bonaberi, can tsallaken gada. Na ce a aika a ɗauko. Ta ce makulli yana hannun patron, wato mai shagon. Na ce a kira shi. Ta ce yana tashar jiragen ruwa yana fitar da kaya, ba ya son a dame shi. "Pasiyans, madam. Gobe."

Goben na koma. Wannan karon ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in tafi Bonaberi da kaina, kusa da kasuwar Grand Hangar, akwai wanda zai ba ni. Ni da ko kasuwar Marché Central sai in shekara ban leƙa ba, ga ni a taksi an matse ni tsakanin wata mai kwandon kaji da wani ƙato mai barci, mun maƙale a kan gada, zafi kamar tanda. Da ƙyar na gano wurin da ta kwatanta. Ƙofar ƙarfe ce a garƙame, kwaɗon har ya yi tsatsa. Wata mata mai gasa ayaba a gefen ta dube ni da tausayi ta ce, "Mami, mutanen nan sun kwashe kayansu tun kafin azuminku. Ke ce ta nawa da suka turo."

Ban koma gida ba. Kai tsaye na juya Akwa, raina yana tafarfasa. Sai ga patron ɗin da kansa a zaune, ƙaton mutum da tarin makullai a ƙugu, yana cin gasasshen kifi a kan teburin da ake nuna kaya. Na ajiye masa waya a gaban farantinsa. Ya duba, ya tsotse ƙaya, ya ce, "Wa ya ce ta wanke? Awa takwas ruwa ba ya taɓa shi. Kowa ya san wannan."

Na ce, "Kowa a ina? A gidanku?"

Ya ce ba laifin kayansa ba ne, laifin mai amfani ne. Na juya wurin yarinyar na maimaita mata maganarta da muryarta, har da kaɗa yatsun: "Pa de problem, Mama, ta shiga teku ma in tana so." Wasu mata biyu da ke duba gashin kanti suka fashe da dariya. Ita kuwa ta ce ai tekun bayan awa takwas take nufi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Awa takwas! Mu da muka gaji ƙunshi tun kaka da kakanni, mun san yadda ake auna kwalliya tsakanin salla da salla. Da ta buɗe baki ta faɗi wannan kalma, da bayan asuba zan fesa, kafin azahar ya gama kamawa, ba wanda zai rasa alwala, ba wanda zai rasa fata. Na faɗa mata mu masu salla ne, ba ta ma tsaya ta tambayi sau nawa muke taɓa ruwa a yini ba. Na ce wa patron, to ruwan gogewar fa? Ya lashe yatsa ya ce yana cikin jirgi, yana hanya. "Pasiyans, madam."

Na ce, "Haƙurin nan naku da ana sayar da shi a kwalba, da shi kaɗai ne ba ya yanke muku." Na ɗauki wayata na fita. Ban sani ba ko ya gane, Hausa na yi masa.

Da na dawo, maigidana ya dube ni ya ce tun da ya auro ni bai taɓa ganin na ci takalmi haka ba. Ban kula shi ba. Na leƙa katanga na kira maƙwabciyata, wata Hajiya Bafulatana da muke aikin amare tare. Ta ga amarya, ta riƙe baki, sannan ta naɗe hannun riga ta ce, "Kuka ba ya cire fenti, 'yata. Kawo lemon tsami." Muka koma ga abin da muka sani: dilka, sukari da lemon tsami, turara jiki da hayaƙi, a murza, a wanke, a sake. Yarinya tana cije baki, mu muna gumi. Duhun ya yi ta raguwa a hankali, fuska da wuya suka kusa haɗuwa. Amma layin nan na saman gwiwar hannu ya ƙi tafiya gaba ɗaya.

Ranar sa lalle gida ya cika. Babbar gwaggon ango, wata tsohuwa da duk unguwa ke shakkar bakinta, ta zauna gaban amarya ta jawo hannunta. Ta ture mayafin sama, ta tsaya. Ta kama ɗaya hannun, ta duba. Ta sunkuya ta kalli idon sawu. Ni kuwa na matso kusa.

Ta ce, "Mai gyaran amare, mene ne wannan?"

Ban ga amfanin kwana-kwana ba. Na ce, "Hajiya, kwalliyar zamani muka fesa, ta yi alwala ta wanke."

Tsohuwa ta bi layin da ɗan yatsanta, ta sake bi, sannan ta ɗaga hannun amarya sama kowa ya gani. Ta ce, "Ku duba nan, 'yan matan zamani masu tsoron ruwa saboda hoda. Har gwiwar hannu ta wuce, dama da hagu daidai. Mu dai mun samu mai salla, ga shaida a jiki." Aka kece da guɗa. Amarya tana dariya tana hawaye a ƙarƙashin mayafi, ni kuma na zauna a kan turmi.

An kai amarya, an gama komai, har ta fara zuwa gaishe mu da mijinta, sai ga saƙon murya daga shagon. Muryar yarinyar nan ce, zaƙi kamar zuma: "Mama! Ruwan gogewa ya iso, kuma akwai ragi a kan sabon bronzaj." Na sa aka goge lambar. Injin kuwa yana nan, humra nake zubawa a ciki ina fesa wa kayan lefe, kuma wallahi ya fi dacewa da wannan aikin.

Abin da na koya, ba a gane mai shago ranar da ya ba ka kujera, sai ranar da ka dawo da matsala a hannu. Yanzu duk wanda zai sayar mini da abin da zai taɓa jikin 'yar mutane, sai na zaunar da shi na lissafa masa yinin namu tun daga alwalar asuba har ta isha. In ya saurara ya yi mini tambaya, in saya. In ya katse ni da "pa de problem", in tattara hijabina in yi gaba.